Alƙiblar Ɗakin Sallar Baba

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya, kamar yadda muke a nan. Allah ya ƙara masa buɗi a wurin aikinsa, ya shirya mana yaran nan, ke kuma ya ƙara miki haƙurin zama nesa da gida. Na ji labarin haƙorin da ya hana ki sakat, na kuma ji daɗi da aka ce an cire shi kin huta. Tun kina ƙarama nake gaya miki son zaƙin nan zai kama ki wata rana, kika ce baƙin ciki nake yi miki. To, Allah ya sa kaffara ne.

Mu nan sai godiyar Allah. Shagon ɗinkina yana tafiya, duk da dai keken nan nawa ya tsufa, kullum da irin kukan da zai tashi da shi, amma ban iya rabuwa da shi ba. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, ta dawo gida tana cin abinci kamar wadda aka yi wa horon yunwa. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi, har ta koma yawon gidajen dangi tana gyara wa kowa zamansa. Matar Auta ta yi nauyi, muna ta yi mata addu'ar sauka lafiya. Baba kuma, wanda na san shi ne kike son ji tun daga layin farko, yana nan garau, yana ci yana sha, jiya ma har faɗa ya yi mini a kan na cika masa sukari a shayi. Na fara da wannan ne don ki karanta sauran da kwanciyar hankali.

Na san kin ji ƙishin-ƙishin cewa kwanakin baya Baba bai ji daɗi ba, kika yi ta kira ana ce miki ba komai. Ki yi haƙuri, ba ɓoye miki aka yi don an raina ki ba. Magana ce da ba ta faɗuwa a waya, ga mutane kewaye da ni kowa ya kasa kunne, ga shi ni kaina a lokacin ban gama gane kanta ba. Yanzu da komai ya lafa, na ce bari in zauna in rubuta miki ita tun daga tushe, don ke ma uwarki ce ubanki ne, kina da haƙƙin sani.

Kin dai san mutanen nan naki biyu. Yaya Malam, babbanmu, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan karatun tauhidi da fiƙihu, yanzu yake koyar da su a kwaleji, da kuma Auta, da ya zama safiyo, yake yawo daji da gari da na'urarsa mai ƙafa uku yana auna filaye. Tun da kika tafi babu abin da ya canja a tsakaninsu sai furfurar Yaya. Duk ranar hutu da aka taru a gidan Baba, kafin a ɗauke kwanukan abinci sun kama musun nan nasu na wane ilimi ne ya fi wani amfani. Kada ki ce Auta ya bar hanya, a'a, yana nan da sallarsa, sau da yawa ma yana riga Yaya shiga sahu. Abin da yake cewa shi ne, ilimin da ya cancanci a dogara da shi shi ne wanda wani zai iya zuwa ya gwada ya sami amsa iri ɗaya. In ya auna fili yau, gobe baƙon da bai taɓa ganinsa ba ya zo da tasa na'urar, abin da ya samu shi wancan zai samu. Amma malamai, in ji shi, sun shekara aru-aru suna juya tambaya guda, har yau ba su rufe ta ba. Sai ya nuna gilashin da ke kan hancin Yaya, ya ce ai ba tauhidi ne ya ƙera shi ba, kuma ba don shi ba da Yaya bai ga littattafan da yake taƙama da su ba.

Shi kuma Yaya, kin san shi da gyaran murya kafin magana, sai ya ce na'urar Auta tana iya faɗin inda iyakar fili take, amma ba ta iya hana mai riƙe da ita matsar da turke cikin filin maraya. Abin da ke hana Auta yin haka ba a cikin na'ura yake ba, a gidan nan ya koye shi, kuma sunansa tsoron Allah. Ya ce masu kimiyya sun iya amsa nawa ne da yaya ne, amma da an tambaye su don me, ko ya halatta, sai su fara sosa ƙeya. Ya ƙara da cewa maganarsu ma ba ta zama wuri ɗaya, abin da likitoci suka hana ci jiya shi suke cewa a ci yau. Auta sai ya yi tsalle ya ce ai wannan shi ne darajarsu, suna yarda sun yi kuskure su gyara. Yaya ya ce to a bari sai sun gama gyaran a zo a yi magana. Haka za su yi ta yi har shayi ya huce. Ni dai gaskiya ina jin daɗin sauraro, don kowanne in ya yi magana sai in ga kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗayan ya buɗe baki in koma bayansa. Baba ma yana so. Yakan kishingiɗa ya rufe ido kamar mai gyangyaɗi, amma in Auta ya ci Yaya sai ki ga gemunsa yana motsi.

To, abin ya faro ne daga ɗakin sallar nan na bakin ƙofa. Ke kin tashi kin gan shi ne kawai, amma ni na ji labarinsa a bakin Inna, Allah ya ji ƙanta. Lokacin da suka tare a filin nan babu gida kusa, balle masallaci. Baba yana ganiyar aikinsa na magini, kafin ma ya gama ɗakin kwana sai da ya fitar da ɗakin salla, shi kaɗai da hannunsa, bayan ya taso daga ginin mutane. Ya kuma huda ƙaramar ƙofa ta cikin gida, aka rataya labule a baya, don Inna ta riƙa bin sa salla ba sai ta fito waje ba. Kin san bai taɓa alfahari da manyan gidajen da ya gina wa masu hali ba, amma ko baƙo ya yi sai ya kai shi ya shafa bangon nan. Yanzu unguwa ta cika, maƙwabta da masu shagunan layinmu suna shigowa salla har wuri ya yi kaɗan, ga kwanon rufin ya fara yoyo. Sai aka yanke shawarar in za a sake rufi a ƙara faɗin ɗakin gaba ɗaya, Auta ya ce shi zai zo ya fitar da awon.

Ranar ya zo da hantsi, ya kafa na'urarsa, ya leƙa, ya rubuta, ya sake leƙawa. Na lura ya yi jim, ya ɗauke ta ya sake kafawa a wani wuri, sannan ya naɗe kayansa bai ce wa kowa komai ba. Da ya ci gaba da haɗiye abin da ya gani har ya sami Yaya shi kaɗai, da ba a yi haka ba. Amma bayan an ci abincin rana musu ya tashi kamar kullum, kuma ranar Yaya ya zo da ƙarfinsa. Ya ce wa Auta su masu awo kamar mutumin da ya shiga gida ne ya ƙirga bulo tsaf, bai taɓa tambayar gidan wane ne ba. Aka yi dariya, har da matar Auta, wannan kuwa shi ya ƙona masa rai. Sai kawai Auta ya ce wa Yaya to shi mai sanin gidan wane ne, duk da tarin littattafansa, shekara da shekaru yana salla a ɗakin da alƙiblarsa ta karkace bai sani ba, sai da mai ƙirga bulo ya zo ya gano kafin ya gama shan ruwa. Duk mun ɗauka Baba yana ɗakinsa. Ashe yana bayan ƙofa yana alwala, sai muka ji zubar ruwan buta ta tsaya.

Wallahi ƙanwata ban taɓa ganin Auta ya yi fari fat irin na ranar ba, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baba ya shigo, ruwa na ɗiga daga gemunsa, bai ɗaga murya ba, ya ce Auta ya zo ya nuna masa. Muka bi su. Auta ya ɗauki sandar mofa ta goge ɗaki ya shimfiɗa a ƙasa ta inda alƙibla take, kowa ya ga yadda ta bar bango, sai mutum ya ɗan juya kafaɗarsa hagu kafin ya daidaita. Baba ya tambaye shi yadda aka yi haka ta faru, tunda shi fitowar rana ya bi, kamar yadda maigidan da ya koya masa gini ya nuna masa. Auta ya bayyana masa cewa rana ba daga wuri ɗaya take ɓullowa duk shekara ba, tana matsawa dama ta dawo hagu gwargwadon lokaci, don haka wanda ya kafa turke da fitowar safiya guda zai iya kaucewa. Baba ya dubi sandar, ya dubi bangonsa. Sannan ya ce lallai safiya guda ce, yana tuna ta.

Nan Yaya ya ga wurin gyara ɓarna, amma sai ya yi irin ta malamai. Maimakon ya faɗa wa tsoho kalma ɗaya mai sanyaya rai, sai ya gyara zama ya buɗe darasi. Ya kawo maganar waɗannan malamai, ya kawo ta waɗancan, ya rarrabe ƙaramar karkata da babba, ya yi bayanin wanda ya gano kuskurensa yana cikin salla da wanda ya gano bayan ya sallame, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ni da nake da sauran ƙuruciya ma na ɓace a tsakiya. A cikin duk wannan tulin bayani, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Baba ta zauna, ita ce ramuwa.

Daga ranar Baba ya daina limanci. Ya ce a nemi wani, shi ba zai ƙara tsayawa gaban mutane ba. Ya koma salla a ɗakinsa, abinci sai ya taɓa ya ture, hira ta ɗauke, ko jikoki suka shigo sai ya shafa kansu ya ce su je su yi wasa. Duk lokacin da na leƙa sai in same shi a tsaye a kan darduma, da gwiwoyin nan nasa da ko matakala ba su so, yana sallamewa yana sake tayarwa. Na yi magana ya ce ba komai. Muka ɗauka zafin abin ne kawai, a ce magini kamarsa ɗan cikinsa ya kama shi da kuskure a gaban surukai. Goggo ta zo ta yi masa nata, ta ce girman kai ne, ya yi mata kunnen uwar shegu. Auta kuwa ya daina zuwa gidan don kunya, Yaya yana zuwa ya gaishe shi ya fita sumui-sumui. Hankalina ya tashi sosai, don ina ganin mutum yana zubewa a gabana kamar rigar da aka cire wa kafaɗa.

Wata rana da hantsi na kai masa shayi, na zauna na ƙi tashi. Can sai ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko na taɓa jin Yaya ya ce mutum yana iya rama wa mamaci salla. Sai ga magana tana fitowa. Ya ce shi nasa mai sauƙi ne, yana da sauran numfashi, zai rama abin da ya iya. Amma Innarmu fa? Shi ya huda mata ƙofar nan, shi ya tsayar da ita ya ce nan za ta fuskanta, ita kuwa ba ta taɓa tambayarsa ko ya tabbata ba. Da ƙuruciyarta da tsufanta, da cikinmu da goyonmu, har lokacin da ciwo ya sa take yi a zaune, duk bangon nan ta kalla saboda ta yarda da shi. Yanzu ta tafi inda ba a ramuwa. Ya ce in aka ce mata sallarta ba ta yi ba, da wane ido zai dube ta. Ashe duk tsayuwar nan da yake yi, in ya yi ɗaya tasa sai ya yi ɗaya tata, bai ma san ko ana karɓa ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, na kuma ji haushin kaina da muka yi ta cewa girman kai ne.

Ban tsaya wata-wata ba, na aika aka kira mini su biyun shagona, na sallami masu jiran ɗinki, na ja ƙofa. Yaya yayana ne, ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma ranar na wanke su tas, shi da ƙaninsa. Na ce ga masu ilimi biyu a gida ɗaya, ɗaya ya san nisan ƙasa ɗaya ya san hukuncin sama, amma an rasa wanda ya san abin da ke cin ubansu. Da na faɗa musu maganar Inna, Yaya ya cire gilashinsa ya daɗe yana gogewa, Auta kuwa ya kifa kai a kan teburin yanka. Abin da ya biyo baya ne har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Auta, mai cewa gaskiya ita ce abin da awo ya nuna ko da za ta yi ɗaci, shi ya ɗago ya ce zai je ya gaya wa Baba na'urarsa ce ta lalace, bango daidai yake. Ya ce meye amfanin gaskiyar da za ta kashe tsoho. Yaya kuwa, mai cewa maganar masu awo ba ta zama wuri ɗaya, shi ya buga tebur ya ce sam, awon nan gaskiya ne, shi da kansa ya sa an sake dubawa an sami abin da Auta ya samu. Ya ce addini bai yarda a yi ƙarya ba, bai kuma yarda mutum ya san daidai ya ci gaba da fuskantar ba daidai ba, don haka bin na'urar Auta yanzu wajibi ne. Na tsaya ina kallonsu, kowa ya ɗauki rigar ɗan'uwansa ya sa, suna musu da zafi irin na kullum.

Auta ne ya fara sauka. Ya tambayi Yaya, da wata irin murya da ban san shi da ita ba, to tsakani da Allah me karatunsu ya ce a kan Inna. Tun da aka haifi yaron nan ban taɓa jin ya tambayi Yaya abu don yana son sani ba, sai don ya kafa masa tarko. Yaya ya ce wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla da abin da yake da shi a lokacinsa, sallolinsa da suka wuce sun yi, haka na wanda ya bi shi, babu ramuwa a kan kowa, gyara daga ranar da aka sani ne. Na ce masa to me ya hana shi faɗin haka tun ranar farko. Ya ce ai ya faɗa. Na ce ya faɗa a tsakiyar buhu, wa zai tono. Ya yarda, har ya ƙara da cewa shi ma abin ya dame shi, yana koyar da babin alƙibla duk shekara, bai taɓa tunanin ya duba ta gidan ubansa ba. Na ce to su tashi mu je, amma da sharaɗi, Yaya Hausa zalla zai yi kuma a taƙaice, Auta kuma ban da ƙarya.

Bayan la'asar muka shiga wurin Baba. Auta ya fara durƙusawa ya nemi gafara. Sannan ya ce awonsa yana nan, ba zai janye ba, amma akwai abin da bai faɗa ba ranar. Ya ce ya auna gine-gine ba iyaka, da wuya ya ga bango miƙaƙƙe da kusurwa daidai irin na ɗakin nan, kuma a wancan zamani, a filin da babu kowa, shi ma da duk karatunsa in aka raba shi da na'ura rana zai duba. Yaya ya karɓa, Allah ya taimake shi ya yi gajeriyar magana. Ya ce wa Baba sallarsa ta yi, ta Inna ta yi, ta duk wanda ya bi shi ta yi, kuma tsayuwar da yake yi da gwiwa mai ciwo ba a neme shi da ita ba, addu'a da sadaka su ne abin da zai aika mata. Baba ya saurara har ƙarshe. Sai ya juya ga Auta ya tambaye shi ko ya yarda da maganar yayansa. Auta ya ce wannan ba abin da na'urarsa take gani ba ne, a nan shi mabiyi ne, kuma ya yarda. Ya juya ga Yaya ya tambaye shi ko ya yarda da na'urar ƙaninsa. Yaya ya ce ya yarda, a nan shi ma mabiyi ne.

Mun ɗauka an gama, sai Baba ya sunkuyar da kai ya ce saura abu ɗaya. Ko Auta zai ɗauki na'urar nan su je maƙabarta a duba yadda aka kwantar da ita, kada a ce can ma an karkata. Ƙanwata, su biyun nan, a lokaci guda, da murya guda, suka ce a'a. Yaya ya ce wadda ta kwanta an bar ta ga Ubangijinta, ba a tayar da ita don awo, Auta ya ce ko an ba shi duniya ba zai kafa ƙafa ukun nan a kan uwarsa ba. Baba ya ɗago ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce tun da ya haife su bai taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai yau, don haka lallai maganar gaskiya ce. Sai ya fara dariya, hawaye na bin gemunsa, mu ma muka kama, aka rasa mai rarrashin wani. Kafin mu fita ya tambaye ni ko akwai sauran abinci.

Da farko ya ce sai an rushe bangon an sake, har ya aika a nemo masa tsohuwar gudumarsa. Yaya ya ce ba bango ake bauta wa ba, sahu kawai za a gyara, Auta ya ce gini mai ƙarfi irin wannan ba zai sa hannu a rushe shi ba. Aka tsaya a kan a ja layi a ƙasa. Baba ya ce to shi zai ja da kansa. Ya shafa wa zare alli, ya sa Auta ya riƙe bakinsa ɗaya a inda na'ura ta nuna, Yaya ya riƙe ɗayan, shi kuma ya tsaya a tsakiya ya ɗaga zaren ya sake shi, farin layi ya fito a kan siminti. Yana yi yana yi musu faɗa wai ba su iya jan zare ba, an yi asarar kuɗin makaranta. Ni kuma na yanke kafet ɗin na bi layin, na kalmashe bakinsa, ya zauna daram. An ƙara faɗin ɗakin ta gefe, an sake rufi, bangon gaba da 'yar ƙofar Inna suna nan yadda suke. Baba ya koma limancinsa. Wani abin dariya, ashe mai kemis ɗin layinmu ya daɗe da ganin karkatar a wayarsa, kunyar Baba ta hana shi magana, shi ya sa kullum yake ɗan juya kafaɗa a sahu, mu kuwa muna ta yi masa sannu da ciwon wuya.

Kada ki ɗauka musu ya ƙare. Hutun da ya wuce ma sun yi, Auta yana cewa ba don awo ba da har yanzu ana karkace, Yaya yana cewa ba don fiƙihu ba da awo ya kwantar da Baba a asibiti. Kowa ya ɗauki labarin ya mai da shi hujjarsa. Sai dai na lura yanzu in ɗaya yana magana ɗayan yana bari ya kai aya, kuma kafin su fara sai Auta ya tashi ya leƙa bayan ƙofa. Ni dai raina fari ƙal, ban taɓa jin daɗin hayaniyarsu kamar yanzu ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina yi masa godiya bisa riƙon da yake yi miki. Ki gaishe da babban yaronki, a ce ya dage da karatu, kowanne ya zaɓa a cikin na kawunnansa muna so, in dai zai riƙa sauraron na ɗayan. Ki shafa mini kan takwarar Inna da ɗan ƙaramin da ban gani ba tukuna sai a hoto. Ki miƙa gaisuwata ga surukarki da maƙwabciyar nan taki da ta kula da ke lokacin haƙori. Goggo tana gaishe ki, ta ce kin yi ƙiba kin manta da ita. Yaya Malam da iyalinsa, Auta da matarsa, da yarana duka suna gaishe ku.

Da zan fara rubutun nan na sami Baba a ƙofar ɗakin salla yana jiran azahar, na ce masa takarda zan aika miki, ko yana da saƙo. Ya ce in sa miki albarka. Na juya zan tafi sai ya kira ni, ya ce in kin tambayi mutanen gida in gaya miki kowa lafiya, har da Innarku, in Allah ya yarda.

Wassalam. Taki har kullum,
Yayarki mai ɗinki